YADDA NA HORAR DA MUTUM-MUTUMI A CIKIN TSOHUWAR KWAMFUTA

Ran da na fara gaya wa Baba cewa ina koya wa mutum-mutumi tafiya, sai ya dube ni ya yi murmushi, ya ce shi dai mutum-mutumin da ya sani shi ne wanda ake sa wa tsohuwar riga a kafa a tsakiyar gona don tsuntsaye su ƙyale gero, kuma tun da yake bai taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba. Na san iyayenmu da yawa abin da za su faɗa ke nan. Shi ya sa na ga ya kamata in yi amfani da wannan fili na mujallarmu in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu yadda abin yake, da yadda na harhaɗa kayan aikinsa a cikin wata tsohuwar kwamfuta a gidanmu a Kwangwalam, da kuma wuraren da na yi tuntuɓe don kada wani ya sake yi.

Mutum-mutumin da nake nufi shi ne na'urar nan da Turawa ke kira robot. Kalmar ta samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo da wani marubuci ɗan ƙasar Cek mai suna Karel Čapek ya wallafa a 1920. Kowace irin wannan na'ura tana da abu uku: jiki mai gaɓoɓi da injina, da 'yan na'urorin da take gani ko ji da su, da kuma ƙwaƙwalwa, watau manhajar da ke yanke shawarar motsin da za a yi. Jikin yana da tsada ƙwarai, kuma kafin ya iya tsayuwa sai ya faɗi sau dubbai. In da ƙarfe ne na gaske, da kowace faɗuwa sai an je wurin makanike. Saboda haka masana suka yi dabara: suka gina duniyar kwaikwayo a cikin kwamfuta, inda akwai ƙasa da nauyi da santsi da karo, amma duk na lissafi ne. A can mutum-mutumi yakan faɗi ya tashi ba a biya ko kwabo ba, sai ya ƙware sa'an nan a kwashe abin da ya koya a zuba a jikin ƙarfe.

Kada wani ya ɗauka akwai siddabaru a ciki. Lissafin da muke yi a aji ne, sai dai kwamfuta ta fi mu sauri. Lambar nan 9.81 da malamin kimiyya ke sa mu haddacewa, ta ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi, tana nan zaune daram a cikin manhajar. A manhajar da na yi aiki da ita, ana yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa. A kowace gunduwa sai kwamfuta ta tambayi kanta: ina kowace gaɓa take, da wane sauri take tafiya, wane ƙarfi ke tura ta? Sai ta lissafa inda za ta kasance nan gaba kaɗan, ta zana, ta sake tambaya. Sau 500 ke nan a kowace daƙiƙa ɗaya. Abin da ido ke gani kamar motsi, tarin amsoshin lissafi ne a jere.

Ga yadda kwamfutar ta zo hannuna. Garinmu a bakin iyaka yake, kuma Yayana da rubuta wa direbobi da 'yan kasuwa takardun kaya yake ci. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, manyan motoci suka daina wucewa, aiki ya tsaya cik. Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta yi watanni a ƙarƙashin gado tana shan ƙura. Na yi ta roƙonsa har ya gaji, ya ce, "Ɗauki, amma ka ji ni da kyau: takardun mutane suna ciki. In ɗaya ta ɓata, kada ma ka bari mu haɗu." Na ce, "To, Yaya." Ban san nauyin wannan "to" ɗin ba sai daga baya.

Abu na fari, tilas mutum ya san ƙarfin kwamfutarsa kafin ya zaɓi manhaja. Akwai ma'aji iri biyu a cikinta. Na ɗaya kamar rumbu ne, inda ake ajiye kome ko an kashe ta. Na biyu, wanda ake kira RAM, kamar masussuka ne, filin da ake baza damin da ake aiki a kansa yanzu. Rumbu ko ya kai ina girma, in masussuka ƙarama ce aiki ba ya sauri. Ta Yaya tana da RAM gigabait 8, kuma ba ta da katin zane na musamman, watau na'urar nan mai tsada da ke yin lissafi dubbai a lokaci guda. Wannan kaɗai ya fitar da ni daga sahun masu amfani da Isaac Sim ta kamfanin NVIDIA, domin ita ba ta tashi sai da katin zane irin nasu mai suna RTX. Na ga hotunanta na yi sha'awa, na haƙura.

Sauran suna da yawa, amma uku na duba. Akwai Gazebo, wadda aka fara a 2002 a wata jami'a da ke Kalifoniya ta Amurka, ita ce abokiyar tafiyar ROS, tsarin da gaɓoɓin mutum-mutumi ke aika wa juna saƙo da shi. Akwai Webots, wadda aka ƙirƙira a Lozan ta ƙasar Suwizalan a 1996, aka sake ta kyauta a Disamba 2018. Tana da na'urori shiryayyu da yawa, kuma ga wanda ke son ya ga ƙaramar mota tana kauce wa bango tun ran farko, ita ce mai sauƙi. Sai MuJoCo, ta wani masani mai suna Emanuel Todorov na Jami'ar Washintan. Da can sayenta ake yi, har kamfanin DeepMind ya saye ta a Oktoba 2021 ya ce kowa ya ɗauka kyauta, a Mayu 2022 kuma ya buɗe rubutun cikinta ga duniya. Ita na zaɓa, don ba ta da nauyi, kuma ni koyon na'ura nake son gani da idona.

A nan na yi abin da ya kusa jawo mini fushin Yaya. Kusan duk darussan da na karanta a intanet sun ce a fara da sa Ubuntu, wadda babbar manhaja ce kamar Windows, amma kyauta. Nauyin ta 22.04 ya kusa gigabait 5, kuma a nan garin wani lokaci wayarka takan saki layin Nijeriya ta kama na Nijar ba ka sani ba, sai saukarwa ta tsinke. Sai na shiga mota na tafi Daura, na sauke ta a wani shagon kwamfuta, na zuba ta a filashi mai gigabait 8 da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. Kafin in taɓa kome na kwafe takardun Yaya duka a wani filashi dabam, na ba Inna ta kulle a akwatinta. Wannan ita ce hikima guda ɗaya da na yi a makon nan. Dalili kuwa, a tsakiyar aikin kwamfuta takan kawo tambaya: a share rumbu duka a sa Ubuntu, ko a sa ta kusa da Windows su zauna tare? Layukan biyu suna maƙwabtaka da juna, kuma wanda ya danna na sharewa ya gama da duk abin da ke ciki, ba kira ba ɗaukaka ƙara. Na karanta tambayar sau uku, na yi bisimilla, na zaɓi zama tare.

Kome ya tafi daidai, sai washegari Yaya ya buɗe Windows don ya duba kayansa, ya tarar agogo ya koma baya da awa guda cif. Ya kwala mini kira, ya ce, "Kai, me ka lalata?" Gabana ya faɗi. Sai da na yi bincike na gane ba ɓarna ba ce. Ita Ubuntu takan saita agogon cikin na'ura da lokacin duniya na Girinwic, ita kuwa Windows takan ɗauka abin da ta tarar lokacin gida ne, mu kuma a Nijeriya muna gaban Girinwic da awa ɗaya. Umarni guda ya gyara shi, timedatectl set-local-rtc 1. Amma Yaya bai saki fuska ba sai da ya buɗe takardunsa ɗaya bayan ɗaya ya ga suna nan.

Bari in faɗi gaskiya ko da za ta rage mini kwarjini: duk wannan kasada ba ta zama dole ba. Daga baya na gane MuJoCo da sauran kayan koyon suna aiki sarai a kan Windows. Mai son ROS ne ya fi bukatar Ubuntu, kuma shi ma sai ya lura, domin kowace ROS da Ubuntun da aka ɗinka mata: Humble ta 2022 da Ubuntu 22.04, Jazzy ta 2024 da Ubuntu 24.04. Tsohuwar ROS ta farko an daina kula da ita tun Mayu 2025, haka ma tsohuwar Gazebo tun Janairu 2025, saboda haka kada wani ya ɓata lokacinsa a kansu. Shawarata ga wanda kwamfutar aro ce a hannunsa, ya bar rumbun mutane yadda ya same shi.

To, yanzu sai ainihin aikin. Akwai wata taga da nake kira baƙin allo, inda ba hoto ba maɓallin dannawa, sai dai ka rubuta umarni kwamfuta ta amsa. Da farko tana da ban tsoro, amma kwana biyu ake sabawa. Harshen da ake magana da manhajojin nan shi ne Python, kuma Ubuntu takan zo da shi. Kafin a sauke kome, sai a yi wa aikin shinge. Kowa ya san abin da ke faruwa in aka saki awaki a fili ɗaya da shuka. Haka manhajoji suke: wannan tana son wata siga ta wani abu, waccan tana son wata, in aka zuba su wuri guda sai su tattake juna, har su taɓa kayan da babbar manhaja ke dogara da su. Umarnin python3 -m venv yakan keɓe wa aikinka fili nasa, in abu ya rikice ka share filin ka sake sabo, sauran kwamfuta lafiya lau. A Ubuntu 24.04 ma in ba ka yi shingen ba, ƙin sauke maka kayan za ta yi.

A cikin shingen abu huɗu ake bukata, kuma da umarnin pip install ake kiran kowanne. MuJoCo ita ce duniyar. Gymnasium ita ce ke shirya jarrabawa, ta ba mutum-mutumi aiki ta kuma ba shi maki. Stable-Baselines3 ita ce ke ɗauke da hanyoyin koyo shiryayyu. PyTorch kuwa ita ce ke yin lissafin ƙwaƙwalwar. Wannan ta ƙarshe ita ta sa ni kwana da baƙin ciki. Inna ce ta ba ni kuɗin data daga cinikin ƙuliƙulinta, ta ce tun da na karatu ne ba ta ƙi ba. Na sayi data, na rubuta umarnin sauke Stable-Baselines3, na zauna ina kallo. Ashe ita takan jawo PyTorch da kanta, kuma a Ubuntu wadda take jawowa ita ce babba, mai ɗauke da kayan katin zanen NVIDIA, fiye da gigabait 2. Katin da ba ni da shi! Ina kallo lambobi suna hawa, ban san in tsayar ba, har data ta ƙare saura kaɗan a gama. Na rasa abin da zan ce wa Inna. Da na gaya mata da safe, sai ta ce, "Ai ko tuya ma kaskon fari yakan ƙone," amma ta ƙara da cewa na biyu sai dai in nemi kuɗinsa da kaina. Na yi kwana uku ina taya wani maƙwabcinmu ɗaurin kara kafin na haɗa.

Maganin abin kuwa ɗan ƙarami ne. A shafin PyTorch akwai wurin zaɓi. Mai kwamfuta irin tamu ya zaɓi CPU, ya kwafi umarnin da aka ba shi, ya sauke wannan tukuna. Nauyinta wajen megabait 200 ne kacal. In Stable-Baselines3 ta zo ta tarar da ita a gida, ba za ta aika a kira babbar ba. Watau a wannan aiki jerin da aka bi yana da muhimmanci kamar kayan da aka sauke.

Tuntuɓe na gaba daga tsofaffin darussa ya zo. Kamfanin OpenAI ya fitar da wata manhaja mai suna Gym a 2016, kuma intanet cike take da darussan da aka rubuta a kanta. Amma tun 2022 kula da ita ya koma hannun wata gidauniya mai suna Farama, a ƙarƙashin sabon suna Gymnasium, kuma an sauya wasu abubuwa. Alal misali, a da in mutum-mutumi ya yi motsi ɗaya amsa huɗu ake mayar masa, yanzu biyar. Na kwafi wani darasi harafi da harafi, kwamfuta ta cika mini allo da rubutu, na yi zaton na kashe ta. Malaminmu na lissafi ne ya koya mini abin da ya fi kome amfani. Ya ce, "Yaro, in ta yi maka dogon surutu, fara karantawa daga ƙasa. Layin ƙarshe shi ne ƙorafinta, na sama duk tarihin yadda aka yi ne." Na duba layin ƙarshe, sai ga shi tana cewa an ba ta abubuwa fiye da huɗun da aka ce ta sa rai. Tun daga ran nan, kafin in bi darasi sai na duba shekarar da aka rubuta shi.

Jarrabawar farko da kowa ke farawa da ita ana kiranta CartPole, kuma duk yaron da ya taɓa tsayar da kara a tafin hannunsa ya san ta. Ɗan amalanke ne a kan layi, da sanda a tsaye a bisansa, ba abin da ya riƙe ta sai ƙusa ɗaya a gindi. Na'urar ba ta ganin hoton da muke gani. Lambobi huɗu kawai ake ba ta: inda amalanken yake, saurinsa, karkatar sandar, da saurin karkatar. Abin da za ta iya yi kuma biyu ne tak, ta tura hagu ko ta tura dama. Duk motsin da sanda ba ta faɗi ba, maki 1. In sanda ta karkata fiye da digiri 12, ko amalanke ya fita daga fili, an faɗi, sai a koma farko. Wanda ya kai 500 ya cinye, kuma wannan daƙiƙa 10 ne kawai a agogon duniyar kwaikwayo.

A nan zan ɗan ratse. Sigar wannan jarrabawa ta fito ne daga wani aiki da masana uku suka wallafa a 1983: Andrew Barto da Richard Sutton da Charles Anderson. Da na ga sunan na farko sai na kwashe da dariya, don garin da ke tsallaken iyakarmu a kan hanyar Matamaye sunansa Ɗan Barto. Na gaya wa Yaya ashe maƙwabcinmu ne ya ƙago ilmin, ya ce in je in karɓo mana rabonmu. Barto da Sutton dai su aka ba lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a ilmin kwamfuta, aka yi shelarta a Maris 2025, saboda wannan fanni na koyo ta hanyar sakamako.

Yadda koyon yake shi ne abin da ya fi burge ni, domin ba wanda ke gaya wa na'urar abin da za ta yi. Ƙwaƙwalwarta tarin lambobi ne dubbai da aka watsa da ka. Saboda haka da fari hauka take yi, hagu dama ba dalili, sanda ta faɗi bayan motsi wajen 20. Amma cikin haukan nan wani lokaci sai a yi dace, ta kai 35. Sai hanyar koyon ta duba abin da aka yi a zagayen da ya fi kyau, ta ɗan murɗa lambobin ƙwaƙwalwa yadda irin wannan motsi zai fi yawan fitowa a irin wannan hali, ta kuma ɗan rage wanda ya kai ga faɗuwa. Hanyar da na yi amfani da ita sunanta PPO, ta 2017, kuma hikimarta ita ce ba ta yarda a yi babbar murɗa a lokaci guda, don kada dacen rana ɗaya ya rushe abin da aka daɗe ana tarawa. Na zauna ina kallon matsakaicin maki a baƙin allo: 22, 40, 90, ya ɗan koma baya, 200, har ya kai 500 ya tsaya. Duk abin bai kai lokacin da ake ɗauka a dama fura ba. Da na buɗe hoton na ga sandar a tsaye tana ɗan rawa, amalanke yana gyara mata zama a hankali, sai na ruga na kira Inna. Ta duba ta ce 'yan tallan nono sun fi shi iyawa, su da ƙwarya uku a ka suna tafe suna hira. Gaskiyarta.

Daga nan na matsa zuwa Hopper, wata halitta mai ƙafa ɗaya a cikin MuJoCo wadda ake so ta koyi tsalle gaba. Makinta iri biyu ne manya: ana ba ta maki 1 a kowane motsi don ba ta faɗi ba, ana kuma ƙara mata gwargwadon saurin da ta yi gaba. Na ga tana yawan kifewa, tausayi ya kama ni, sai na ce bari in ninka makin rashin faɗuwa sau biyar don ta yi hattara. Na bar ta tana koyo tun bayan la'asar har isha'i. Da na dawo maki ya yi sama ƙwarai, na yi murna, na buɗe hoto. Me zan gani? Tana tsaye ƙiƙam wuri ɗaya, ko taku guda ba ta yi. Ta gano cewa tsayuwa ta fi tafiya riba, kuma ba kasada a ciki. Ta zama mutum-mutumin gonar Baba sosai da sosai.

Na daɗe ina tunanin wannan abu. Na'urar ba ta yi kuskure ba, kuma ba ta yi ha'inci ba. Abin da na biya shi ta kawo mini. Ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba. A 2016 masanan OpenAI sun ba da labarin wani kwalekwale a wasan tsere da ya ƙi zuwa ƙarshen fage, ya tsaya yana kewaye wuri guda yana tsintar maki, yana karo yana cin wuta, kuma makinsa ya fi na masu gama tseren. Da na ba Baba labari, a nan ne ya fara ɗaukar abin da muhimmanci. Ya ce masu horon shanun huɗa sun san haka tun tuni: in kana ba sa dusa duk lokacin da ya tsaya don ka lallashe shi, to, tsayuwa kake koya masa. Ya ce wahalar horo ba a wurin dabba take ba, a wurin mai horon take, ya san daidai lokacin da zai ba da lada da abin da yake ba da ladan a kai. Na mayar da makin yadda yake, na sake farawa, bayan motsi wajen miliyan 1 ta fara tsalle kamar fara.

Irin wannan dogon horo yana da nasa matsaloli a garinmu. In aka ɗauke wuta kuma batir tsoho ne, aikin awa biyu yakan tafi a banza, sai fa in ka umarci manhajar ta riƙa ajiye abin da aka koya lokaci-lokaci, ni nakan sa kowane motsi 50,000. Kada kuma a bar hoton a buɗe ana horo, yana cin ƙarfin kwamfuta. A rufe, sai an gama a kalla. Ƙurar hunturu takan toshe fankar ciki, zafin bazara kuma yakan sa kwamfuta ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ni a kan bulo biyu nake ɗora ta don iska ta ratsa ta ƙasa, kuma na fi yin aikin da dare. A kan katifa kam, kada a kuskura.

Akwai wata gaskiya da bai kamata in ɓoye ba. Ƙasar duniyar kwaikwayo shimfiɗaɗɗiya ce mai tauri, kuma lamba ɗaya ce ke faɗin kaushinta. Na rage lambar nan kaɗan don in gani, sai ga gwanar tsallen tawa tana zamewa tana faɗuwa kamar ba ta taɓa koyon kome ba. To, ina ga rairayin Kwangwalam, inda ƙafa ke nutsewa kuma tayar babur ke wulwulawa? Wannan rata tsakanin kwaikwayo da zahiri ita ce babbar damuwar masanan fannin. Dabara ɗaya da suke yi ita ce su riƙa sauya duniyar da gangan a kowane zagaye: yau santsi, gobe kaushi, wannan karo jiki mai nauyi, wancan injin mai rauni, har na'urar ta saba da rashin tabbas. Da haka OpenAI suka horar da hannun ƙarfe ya jujjuya akwatin wasan nan na Rubik a 2019. A 2021 kuma masana a Zurik ta Suwizalan suka horar da wani mai ƙafa huɗu, ANYmal, ta hanyar sakin kwafinsa 4,096 a lokaci guda a cikin kwamfuta ɗaya mai katin zane, ya koyi tafiya a fili cikin 'yan mintoci, sa'an nan suka zuba abin a jikin ƙarfe ya taka. Hanyar koyon da suka bi ita ce PPO ɗin nan da ke cikin kwamfutar Yaya. Bambancinmu da su ƙarfin na'ura ne da zurfin sani.

Ga iyayenmu da ke ganin yaro ya ƙura wa allo ido yana kallon 'yar tsana tana tsalle, ina roƙo a tambaye shi ya bayyana abin da yake yi kafin a yanke hukunci cewa wasa ne. In na gaske ne, zai iya nuna lissafin da ke ciki, kuma ni dai sai da na fara wannan aiki na fahimci amfanin darasin kusurwa da na sauri da muke yi a aji. Wuraren ci gaba da karatun ma sun matso kusa. A Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya, a Abuja kuwa hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Nuwamba 2020.

A Maris 2024 aka buɗe iyaka, motoci suka dawo, Yaya ya karɓi kwamfutarsa. Ya bar mini gefen Ubuntu bai share ba, da sharaɗin ba na taɓa ta sai daren Juma'a in ya rufe shago. Yanzu ina fama da wata mai ƙafa huɗu da ake kira Ant, wadda har yau in na sauya mata kaushin ƙasa takan kife a bayanta tana harba ƙafafu sama. Na kuma gano umarnin pip download, wanda ke ajiye kayan nan duka a filashi yadda wani zai sa su ba tare da ya sayi data ba, muddin Python ɗinsa da babbar manhajarsa irin nawa ne. Duk wanda ke so, ya zo da filashi mai gigabait 8 bayan an tashi daga darasin yamma, ya kuma fara tambayo mai kwamfutar izini.